Katin 64GB uku ko 256GB ɗaya? Amsa ga mai shirin fara ɗaukar hoton biki

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Kano nake. Na sayi kyamara Canon 80D ta hannu, ina so in fara ɗaukar hoton biki da suna, da ɗan bidiyo in an nema, kuma ina da sha'awar fita hawan sallah. Wasu sun ce in sayi memori ɗaya babba mai 256GB in huta. Wani mai shago kuma ya nuna min mai 1TB a kuɗin da bai kai na 128GB ba. Wanne ya fi dacewa da ni?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'ar albarka. Bari in fara ba ka amsar, bayani ya biyo baya. Sayi katin memori mai 64GB guda uku, na ainihi, masu alamar saurin rubutu U3 ko V30 a jiki. In kuɗi bai kai ba, fara da biyu. In ka ga aikin bidiyo yana yawa, ƙara guda mai 128GB ka ware masa shi kaɗai. Wancan mai 1TB kuwa, wato 1,000GB, bar wa mai shago kayansa, zan faɗa maka dalili a gaba.

Abu biyu ne ke yanke girman katin da mutum zai saya. Na farko, yawan aikin da za ka ɗauka daga fitarka gida zuwa lokacin da za ka zauna gaban kwamfuta ka kwashe. Na biyu, yawan hotunan da za ka iya tsayawa gaban uwar amarya ka ce mata sun salwanta. Na farkon lissafi ne, kuma ba shi da wuya. Na biyun shi ne wanda sababbin shiga ba sa tunawa da shi.

Mu fara da lissafin. Kyamararka megafiksal 24 ce. Idan ka saita ta a JPEG mafi inganci, wato hoton da kyamara ta gyara da kanta ta matse, hoto ɗaya yakan ci mega 8 zuwa 10. Idan RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta taɓa ba, wanda za ka gyara haskensa da launinsa a kwamfuta, ɗaya yana cin wajen mega 30. Idan ka ce ta ajiye duka biyun a kowane danni, kana neman mega 40. Katin 64GB kusan mega 64,000 ne. Raba ka gani: JPEG sama da 6,000, RAW wajen 2,100, RAW da JPEG tare wajen 1,600. Katin 32GB rabin haka zai ɗauka, na 128GB ninki biyu. Na 256GB da aka ba ka shawara zai haɗiye RAW fiye da 8,000.

Waɗannan lambobin ba sa tsayawa wuri ɗaya, domin nauyin hoto yana bin abin da ke cikinsa. Ɗauki hoton ango shi kaɗai a gaban farin bango, sannan ka ɗauki ƙawayen amarya goma sha biyu cikin anko na leshi mai duwatsu, ga furanni a baya, ka duba nauyin biyun. Na ƙawayen zai fi nauyi sosai, saboda kowane zare da kowane ƙyalli sai an rubuta shi. Haka hoton dare a ɗakin taro, inda dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200 ko sama: yashi-yashin nan da ke fitowa a hoton shi ma wuri yake ci. Shi ya sa lambar da kyamara ke nuna maka ta hotunan da suka rage kintace ce kawai, wani lokaci ka ɗauki uku ta sauka da biyu, wani lokaci ta sauka da huɗu. Hanyar da ta fi ita ce bayan aikinka na farko ka buɗe foldar a kwamfuta, ka duba nauyinta gaba ɗaya, ka raba da yawan hotunan. Abin da ya fito shi ne ma'auninka, da kyamararka da irin hannunka.

To nawa ake ɗauka a biki? A yadda na saba gani, zaman kamu ko wuni na yamma ɗaya yakan tashi da hoto ɗari huɗu zuwa ɗari bakwai a hannun wanda ya san abin da yake nema. Ɗaurin aure bai kai haka ba, sai dai in na manya ne da ake layin gaisawa. Dina ita ce mai ci, tun daga ɗakin kwalliya zuwa shigowa, yanka kek, liƙi, da hoton dangi rukuni-rukuni, dubu ɗaya zuwa dubu da ɗari biyar ba abin mamaki ba ne. Kai da kake sabo, ƙara rabi a kan wannan, domin sabon hannu yana danna uku a inda tsohon hannu zai danna biyu, kuma babu laifi a cikin haka. Ka ga ke nan katin 64GB yana ɗaukar kusan kowane taro na bikin a RAW, sai dai babbar dina tana iya cika shi a hannun sabo. Ma'aunin da nake bi ke nan: kati ɗaya ya ishi taro ɗaya ba tare da an canza a tsakiya ba, amma kada ya kai girman da zai ɗauke bikin gaba ɗaya.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa ka sayi 256GB ka huta. Kyamararka ramin kati ɗaya gare ta. Duk abin da ka ɗauka a wuri ɗaya tak yake zaune har sai ka kwafe shi. Kati yana lalacewa, ko da na ainihi ne. Yana iya rikicewa idan batir ya mutu ana cikin rubutu, ko ka zare shi jar fitilar nan ta bayan kyamara ba ta gama ƙiftawa ba. Siririn robar da ke raba haƙoransa yana karyewa. Yana faɗuwa daga aljihu a wajen hawa babur. Kuma ita kanta kyamarar ana iya ɗauke ta a cikin cunkoso da katin a ciki. Babban kati yana koya wa mutum kasala: ka ɗauki kamu ranar Alhamis, ka duba ka ga akwai wuri, ka ce sai an gama biki ka kwashe gaba ɗaya. Ɗaurin aure ranar Juma'a ya hau kai, dina ranar Asabar ta hau kai, har da sunan da ka ɗauka makon jiya yana nan a ƙasa. Ranar da wannan katin ya ƙi buɗewa, aikin gida biyu ne ya tafi. Hoton situdiyo ana sake kiran mutum a sake. Ɗaurin aure ba a sake shi. Idan kuwa kowane taro da katinsa, mafi munin abin da zai same ka shi ne rasa taro ɗaya, ka fuskanci mutane da sauran a hannu.

Kada kuma wannan ya sa ka koma ɗaya gefen, ka cika aljihu da 'yan ƙananan katuna masu 8GB da 16GB. Na 16GB RAW ɗari biyar yake ɗauka, kuma ba ya tashi cika sai lokacin da uwar ango ta fito fili liƙi. Kana tsugune kana laluben wani katin, abin ya wuce. Yawan cirewa da sakawa a cikin ƙura, musamman lokacin hunturu, shi ma yana gajiyar da ramin katin, kuma yawancin katunan da ke ɓata a wajen canji suke ɓata. Ga shi yanzu bambancin kuɗi tsakanin ƙaramin kati da na 64GB bai taka kara ya karya ba. Canza kati a inda aikin da kansa ya tsaya: an shafa fatiha an watse, ka cire na ɗaurin aure, ka tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa don kada a rubuta komai a kai, ka sa shi a 'yar jakarsa a kife. Wanda ke kife ya cika, wanda fuskarsa ke sama babu komai a ciki. Da wannan ko a cikin duhu ba za ka ruɗe ba. Jakar kuma a jikinka za ta zauna, ba a jakar kyamara ba.

Kati na uku da na ce ka saya, na ranar da babu wuta ne. Za a kai ka biki wani gari, ka kwana biyu, laftof ta mutu tun daren farko, ko ma ba ka da ita tukuna. A irin wannan tafiyar ba girman taro ɗaya za ka auna ba, sai kwanakin da za ka yi ba ka kwashe ba. Ƙaramar na'urar karanta kati da ake jona wa waya tana taimakawa, ko JPEG ɗin kaɗai ka tura cikin waya ka sami kwafi na biyu kafin ka kwanta.

Hawan sallah lissafinsa daban ne. A can za ka sa kyamara a ɗauka a jere, ita kuma 80D tana yin hoto bakwai a daƙiƙa ɗaya. A RAW, mega 210 ke nan duk daƙiƙa. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi, ka danne madanni kana bin su: 'yan daƙiƙu kaɗan ka cinye abin da ya kusa giga ɗaya. Wani rukunin na tafe a bayansu, ga 'yan lifida, ga 'yan bindiga da hayaƙinsu, kowanne kana so. Katin 64GB yana iya cika kafin magariba, gobe kuma ga Hawan Nasarawa. A irin wannan ranar ko dai ka fita da katunanka duka babu komai a ciki, ko ka koma JPEG, wanda a hasken rana tsaf yake fita in ka daidaita haskenka. Ni a hawa na fi son JPEG a lokacin sukuwa, in koma RAW idan Sarki ya matso ana tafiya a hankali ƙarƙashin laima, inda inuwa da farin rawani ke wahalar da kyamara.

A wajen sukuwar nan ne kuma za ka gane girma ba shi ne sauri ba. Kyamara tana da ɗan wurin ajiya na wucin gadi a cikinta, inda hotuna ke taruwa kafin su gangara cikin kati. A taka, RAW ashirin da 'yan kai ne ke cika shi. Da ya cika sai ta fara tsayawa, kana danna tana ƙi, har sai katin ya karɓe. Kati mai jinkiri, ko da 256GB ne, zai bar ka tsaye dawakai na wucewa. Babbar lambar da ake rubutawa a fuskar kati, irin su 120MB/s ko 170MB/s, yawanci saurin karantawa ne, wato lokacin kwashewa zuwa kwamfuta. Abin da ya dame ka a fili shi ne saurin rubutawa, kuma ƙananan alamomin ne ke faɗar sa. Lamba 10 a cikin harafin C, ko 1 a cikin harafin U, alkawarin mega 10 ne a daƙiƙa. Lamba 3 a cikin U, ko V30, mega 30. Akwai V60 da V90, masu layin haƙora biyu a baya da ake kira UHS-II, amma kada ka kashe kuɗinka a kansu yanzu: 80D layi ɗaya take karantawa, za su yi aiki amma ba za ka ci moriyar saurin da ka biya ba. Alamar A1 da A2 kuwa ta masu waya ce, ba ruwan kyamara da ita.

Bidiyo shi ne mai cin wuri na gaske, kuma a nan mutane ke ruɗewa, domin ana auna shi da megabit, kati kuma da megabait. Raba da takwas. Kyamararka a ingancin bidiyo na 1080p mai firem 60 a daƙiƙa tana rubuta wajen megabit 60 a daƙiƙa, wato mega bakwai da rabi, kusan giga 27 a awa ɗaya. Katin 64GB zai ba ka awa biyu da ɗan ƙari. Ranar da ka koma kyamara mai 4K a megabit 100, irin Sony a7 III, giga 45 ne a awa, 64GB ba zai kai awa ɗaya da rabi ba, 128GB kuma bai cika awa uku ba. A nan babban kati yana da hujja, tunda ba ka so wa'azin walima ya yanke a tsaka. Amma ware wa bidiyo katinsa. Idan ka gwama su, bidiyon minti ashirin zai cinye wurin hoto ɗari uku ba ka lura ba.

Ga wani abu da ya shafi girma wanda ba a cika faɗa ba. Katin SD ya fito a 1999, haɗin gwiwar SanDisk da Panasonic da Toshiba, kuma na farkon bai wuce 2GB ba. A 2006 aka fito da SDHC, wanda ya kai 32GB. A 2009 aka kawo SDXC, daga sama da 32GB har 2TB. Bambancin ba a suna kaɗai ya tsaya ba. SDHC yana amfani da tsarin FAT32, wanda fayil ɗaya ba ya wuce 4GB a cikinsa, shi ya sa dogon bidiyo ke fitowa gunduwa-gunduwa. SDXC yana amfani da exFAT da ba shi da wannan iyakar, ko da yake wasu kyamarorin suna ci gaba da yankawa duk da haka. Taka tana karɓar SDXC, ba ka da matsala. Amma ga masu karatu da ke riƙe da tsofaffi irin Nikon D40 da D60 da D3000, ko Canon 450D da 500D, waɗannan a SDHC suka tsaya, don haka 32GB ne iyakarsu. A duba jikin littafin kyamara ko shafin kamfanin kafin a biya kuɗi.

Yanzu ga 1TB ɗinka. Katin SD mai 1TB na gaske sai a 2019 ya shiga kasuwa, kuma har yau mai tsada ne, ninkin-ba-ninkin na 128GB. Wanda aka ce maka ya fi 128GB araha jabu ne, ba sai na gan shi ba. Araha ba ta ado. Yadda ake yin sa shi ne a ɗauki ƙaramin kati mai 8GB ko 16GB ko 32GB, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa shaida wa kowace na'ura cewa shi 1TB ne, a manna masa takardar sanannen kamfani. Kamar buhun da aka rubuta wa kwano arba'in ne alhali biyar yake ci, sauran ta ƙasa suke zubewa kana ta aunawa. Ka sa shi a kyamara, ta nuna maka dubban hotuna sun rage. Ka gwada goma a shago, duk su buɗe. Ranar biki ma lafiya lau, har hoton yana fitowa a allo bayan kowane danni, domin sau da yawa daga cikin kyamara take nuna maka shi ba daga kati ba. Da ka wuce ainihin girmansa, sababbin hotuna ko dai su hau kan na farko su goge su, ko su tafi babu inda aka rubuta su. Sai ka dawo gida ka ga sunayen fayiloli a jere cif, nauyinsu daidai, ka danna su ƙi buɗewa. Irin wannan babu manhajar da ke dawo da shi, tunda tun asali ba a ajiye ba.

Jabu bai tsaya a 1TB ba, akwai shi a 64GB da 128GB, kuma kwalinsa wani lokaci ya fi na ainihin sheƙi. Don haka duk katin da ka saya, daga ko'ina ne, gwada shi kafin ya ga biki. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw ta Windows, da F3 ga masu Mac da Linux. Tana cika katin dam da bayanai, ta dawo ta karanta, ta faɗa maka ko abin da ta zuba shi ta tarar, har da saurin rubutunsa. Takan ɗauki lokaci, sa ta ka tafi harkarka. In ba ka da ita, cika katin da manyan bidiyoyi har ya ce ya ƙoshi, zare shi ka mayar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Yi ciniki da mai shago a kan za ka dawo da shi in ya faɗi gwajin. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya ba ka amsa.

Kada dai ka je ka yi rigima a kan abin da ba ha'inci ba. Katin 64GB na ainihi zai nuna 59 da ɗigo a Windows, na 128GB ya nuna wajen 119. Kamfanoni suna ƙirga da 1,000, kwamfutar tana ƙirga da 1,024, shi ke nan.

Ƙaramin katin waya da ake sakawa cikin adafta yana aiki a kyamara, amma ban so shi a aikin kuɗi. An ƙara mahaɗa guda da za ta iya kwancewa, makullin adafta yana saurin sakewa ya kulle kansa kana cikin aiki, kuma a cikin irinsa jabu ya fi yawa.

Duk wannan tsoron babban kati yana raguwa ranar da ka sayi kyamara mai rami biyu, irin Nikon D750 ko D7200, ko Canon R6, ko a7 III da na ambata. A nan za ka saita ta ta rubuta kowane hoto a katuna biyun lokaci ɗaya, sai ka sa 128GB biyu ka wuni ba ka buɗe murfi ba. Su zama girma ɗaya, domin ƙaramin na cika za ta tsaya, kuma mai jinkirin cikinsu shi ke ja wa ɗayan birki. Idan kuma ka hau zuwa masu megafiksal 45, RAW ɗaya ya kai mega 50 ko fiye, to 128GB ya zama abin da 64GB yake gare ka a yau. Waɗannan ma da yawansu wani irin kati suke ci, CFexpress, mai tsadar gaske.

Kati ba ma'ajiya ba ne. Yana da iyakar yawan rubutu da gogewa, kuma wanda aka jefa a durowa shekaru cikin zafi yana iya zubar da abin da ke cikinsa. Da ka dawo, kwafe hotunan wuri biyu, kwamfuta da faifan ajiya na waje, ka buɗe wasu ka tabbatar sun shiga lafiya, sannan ka mayar da katin cikin kyamara ka yi masa fomat, wato ka share shi don sabon aiki, a can, ba a kwamfuta ba. Bar ɗabi'ar goge hoto ɗaya-ɗaya a wajen taro don neman wuri, a nan ake goge wanda ba a yi niyya ba. Kada kuma ka ba da katinka a kai shagon wanke hoto ko a sa a wayar wani, tura musu ta wata hanyar.

In kuwa wata rana ka yi fomat bisa kuskure, ko kyamara ta ce ba ta gane katin ba, tsaya cak. Kada ka ɗauki ko hoto ɗaya a kai, kada ka yarda idan kwamfuta ta ce a yi masa fomat. Fomat na yau da kullum jerin sunayen yake sharewa, hotunan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, sai dai in ka zaɓi mai zurfin nan da Canon ke sakawa a ƙasan shafin fomat, wanda ke share komai. Zare katin, tura makullinsa, ka sa na gaba ka ƙarasa aikinka. A gida ka gwada PhotoRec ko Recuva, duka ana samun su kyauta, ka ajiye abin da suka tono a kwamfuta, ba a kan katin ba. Katin da ya taɓa rikicewa haka kawai ba tare da dalilin da ka sani ba, ko ya dawo yana aiki, cire shi daga aikin biki.